Zafin bazara da farin wata: yadda dare ke ceton jikin mutum

Daren jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ɗora tafin hannuna a jikin bangon ɗaki, wallahi ɗumi naji kamar na taɓa goshin mai zazzaɓi, alhali rana ta faɗi tun awa huɗu ko biyar da suka wuce. Fanka na ta juyi amma iskar da take turo min ba ta da maraba da hucin murhu, na juya na sake juyawa matashin kai ya jiƙe sharkaf, sai kawai na ɗauki abin shimfiɗa na fita waje. Abin da na tarar a wajen shi ya sa nake wannan rubutun, iska ta fi ta ciki sanyi nesa ba kusa ba, ga wata ya cika tam babu ko ɗigon gajimare kusa da shi, har inuwar yatsuna nake gani a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na zauna ina tambayar kaina me ya sa ɗaki ya riƙe zafin rana ya ƙi saki, waje kuma ya sake shi? Kuma wannan sanyin da mutum ke ji a ƙarƙashin farin wata, daga watan yake ko daga wani wuri?

Bari mu fara da inda zafin ke fitowa, don mutane da yawa sun ɗauka wai lokacin zafi duniya ce ke matsawa kusa da rana. Ba haka bane. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147 tsakaninsu, ta fi nisa kuma a farkon Yuli, miliyan 152, amma a Yulin ne Turai da Amurka da Sin ke ƙonewa. Sirrin a karkacewar duniya yake, ta kishingiɗa ne da kusan digiri 23 da rabi, to duk ɓangaren da ya karkato wajen rana sai hasken ya riƙa sauka masa a tsaye bisa ka, yinin kuma ya yi tsawo. Shi ya sa lokacin da Ingila ke fama da zafi, Ostareliya da Ajantina suna cikin hunturu. Haka nan a cikin yini ɗaya ma, ba tsakar rana ce ta fi zafi ba duk da lokacin ne rana ke tsakiyar ka, zafin ya fi tsanani wajen ƙarfe uku zuwa huɗu na yamma saboda ƙasa da gine-gine sun yini suna tara shi, suna karɓar fiye da abin da suke fitarwa. Mafi sanyin lokaci kuma ba tsakar dare bane, dab da fitowar rana ne. Ka riƙe waɗannan lokutan biyu, kusan duk dabarar zama da zafi a kansu take.

Shi kuwa jikin mutum nan maganar take da faɗi. Zafin cikin jikinmu digiri 37 ne a ma'aunin salshiyos kuma jiki ba ya wasa da wannan lambar. Ko kana kwance ba ka komai jikinka na samar da zafi kwatankwacin na tsohon ƙwan fitila mai wat 100, in ka tashi kana aikin ƙarfi ya ninka sau da yawa, kuma dole wannan zafin ya samu hanyar fita in ba haka ba ka dahu daga ciki. Hanya ta farko jini ne, jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata su buɗe, zuciya ta ƙara bugu ta turo jini mai zafi kusa da fata don iska ta kwashe, shi ya sa zakaga mutum na zaune kawai a zafi amma zuciyarsa na aiki kamar wanda ke tafiya da sauri, kuma shi ya sa masu ciwon zuciya suka fi kowa shan wuya. To amma wannan hanyar tana aiki ne kawai in iskar ta fi fatar sanyi. Fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 35, da zarar iska ta haura haka sai lamarin ya juye, iskar ce ke ba ka zafi ba kai ke ba ta ba. Daga nan hanya ɗaya tak ta rage, zufa.

Zufa fa ba fitowarta ke sanyaya mutum ba, bushewarta ce. Ruwa in zai koma tururi sai ya ja zafi daga abin da yake kai, kowane giram ɗaya na zufa da ya bushe a fatarka yana tafiya da kusan jul 2,400 na zafi, lita ɗaya kenan ta kwashe kusan kilokalori 580. Amma zufar da ta ɗiga ƙasa ko wadda ka goge da tawul asara ce, ka rasa ruwan ba ka samu sanyin ba. Nan ne danshin iska ke shigowa. In iska a bushe take, zufa na bushewa tun kafin ka gan ta, mutum zai iya jure digiri 42 in yana inuwa yana shan ruwa. In kuma iskar ta riga ta ƙoshi da tururi babu inda zufar za ta je, sai ta tsaya a jiki tana danƙo, riga ta manne, digiri 34 ma ya fi wancan 42 ɗin wahala. Masana na auna wannan ta hanyar naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle su ga iya inda zai sauka. A 2010 wasu masana biyu, Steven Sherwood da Matthew Huber, suka lissafa cewa in wannan jiƙaƙƙen ma'aunin ya kai digiri 35, ko lafiyayyen mutum da ke zaune a inuwa ba zai wuce 'yan sa'o'i ba, don jikinsa ba shi da sauran hanyar zubar da zafi. Daga baya gwajin da aka yi da matasa masu lafiya a jami'ar jihar Pensilbaniya a Amurka ya nuna iyakar ma ba ta kai nan ba, ta fi kusa da 31. Matasa fa kenan, ina ga tsoho ko jariri.

In ka gane wannan sai kaga dabarun da aka saba duk suna da dalili. Tufa mai faɗi mara nauyi tana barin iska ta ratsa ta busar da zufa, mai haske kuma tana mayar da hasken rana maimakon ta shanye shi. Fanka ba ta sanyaya iska ko kaɗan, aikinta ta kore iskar da ta jiƙe a jikin fatarka ta kawo busasshiya. To in ɗaki ya kai digiri 40 kuma fatarka a bushe take, musamman tsofaffi da zufarsu ta ragu, fankar zafi kawai take hura musu. Maganin mai sauƙi ne, a jiƙa fata, a yayyafa ruwa a hannu da wuya da ƙafa ko a yafa jiƙaƙƙen mayafi mara kauri sannan a kunna fankar, ka yi wa jiki aron zufa kenan. Ni na fi yarda da wannan a kan duk wata dabara, ba ta cin komai kuma ko wutar lantarki babu mafici ya wadatar.

Ruwan sha kuma, mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na zufa a awa guda, kuma ƙishirwa tana makara, kafin ka ji ta jiki ya riga ya fara cin bashi. Gara kurɓi-kurɓi duk yini a kan a tara a kwankwaɗa lokaci guda. Ma'aunin da kowa ke da shi kyauta fitsari ne, in ya yi duhu ya yi kaɗan ruwa ya yi ƙaranci, in ya yi haske kana daidai. Zufa ba ruwa kaɗai take fita da shi ba har da gishiri, shi ya sa wanda ya yini yana zufa yana ɗura zallan ruwa ba ya cin komai zai iya jin jijiyar ƙafa na ɗaurewa ko kai na sarawa, a irin haka ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa yana taimakawa. Barasa kuma ƙara busar da jiki take. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne jiki na koyon zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu yana fara zufa da wuri, ya ƙara yawanta, ya rage gishirin da ke fita, ruwan jini ma ya ƙaru. Shi ya sa kwanakin farko na zafi suka fi haɗari, haka baƙon da ya zo daga wuri mai sanyi ko sabon ma'aikaci da aka sa a rana tun ranar farko, a bi su a hankali.

Akwai iyakar da in an wuce ta ba maganar dauriya ake ba, maganar rai ce. Na taɓa ganin wani saurayi mai aikin gini da yamma, tun ana wasa da dariya da shi sai aka ga ya yi shiru ya zauna a kan bulo, aka kira sunansa ya ɗago yana kallon mutane kamar bai san su ba, ya buɗe baki yana magana amma kalmomin ba sa haɗuwa, aka taɓa shi jikin kamar garwashi. Abokansa suka ce a bar shi ya huta zai dawo daidai, Allah ya sa akwai wani dattijo a wurin da ya ce a'a, aka ja shi inuwa aka cire masa riga aka dinga kwara masa ruwa ana fifita har motar da za ta kai shi asibiti ta zo. Ya rayu. Bambancin da ya kamata kowa ya sani kenan. In mutum na zufa sosai, jiri na ɗibarsa, zuciya na tashi, amma hankalinsa na jikinsa, galabaita ce, inuwa da ruwa da hutu za su iya dawo da shi. In kuwa hankali ya fara gushewa, magana ta rikice, ko ya faɗi ko ya fara jijjiga, zafin cikin jiki ya kai 40 ko ya wuce kenan kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun fara lalacewa. A nan sanyayawa ake fara yi nan take da duk ruwan da aka samu, ana yi ana neman asibiti, kuma kar a ɗura wa wanda baya hayyacinsa ruwa a baki ya shaƙe. Maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafin. Don Allah kuma kar a bar yaro a rufaffiyar mota ko na ɗan lokaci, cikin minti goma zafin ciki kan ƙaru da kusan digiri 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Yanzu ga abin da na fi so a fahimta. In ana labarin zafi kowa lambar rana yake kamawa, digiri 56.7 da aka auna a Kwarin Mutuwa na Kalifoniya a Yulin 1913, ko 40.3 da Ingila ta gani karon farko a Yulin 2022. Amma abin da ke cin mutane a ɓoye dare ne da ya ƙi yin sanyi. Jiki na iya jure yini mai tsanani in ya san da dare zai sauke kayan, zuciya ta rage gudu, zafin ciki ya sauka da kusan digiri ɗaya, wanda dama sai da wannan saukar barci mai nauyi ke zuwa. In dare ya hana, gobe ka tashi da bashin jiya, jibi da na kwana biyu, a haka mai rauni ke karyewa. A Shikago a Yulin 1995 mutum fiye da 700 suka mutu cikin kusan mako guda, akasari tsofaffi da ke zaune su kaɗai, wasu sun kulle tagogi don tsoron ɓarayi. A 2003 zafin da ya afka wa Turai ya kashe fiye da mutum 70,000, Faransa kaɗai kusan 15,000 a watan Agusta, da yawansu tsofaffi a benayen sama ƙarƙashin rufin ƙarfe, babu mai leƙa su. Wannan yana taɓa min zuciya sosai don da yawa ba abin da suka rasa sai wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce kaka kin sha ruwa kuwa, fito mu zauna inda iska take. Kuma abin ba raguwa yake ba, hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kusan digiri ɗaya da rabi sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu.

Bangon da na taɓa ɗin nan shi ne bayanin. Siminti da bulo da kwalta suna shan zafi duk yini kamar soso, dare ya yi su dinga fitar da shi a hankali, rabi waje rabi cikin ɗakinka. Shi ya sa tsakiyar birni ya fi ƙauye zafi da dare, wani lokaci da digiri da yawa, abin da wani Bature mai suna Luke Howard ya lura da shi a Landan tun shekara ɗari biyu da suka wuce. To dabarar gida ita ce a juya abin da hankali ke fara ba mutum. Da rana in waje ya fi ciki zafi a rufe tagogi a sauke labule, in da hali a tare ranar tun daga waje da rumfa ko bishiya kafin ta taɓa gilashi, da dare kuma in waje ya yi sanyi a buɗe ko'ina, taga biyu masu fuskantar juna, a sa fanka a bakin ɗaya tana tura iskar ciki waje. Rufi ma haka, a birnin Ahmedabad na Indiya bayan zafin 2010 ya kashe fiye da mutum dubu, sun fito da tsarin kare jama'a a 2013, cikin abin da suka bi da shi har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, abu mai sauƙi amma yana rage zafin ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki tana ceton rai babu musu, sai dai zafin da ta cire a ciki titi take zuba shi, kuma ba kowa ke da ita ba.

To waje fa, me ya sa yake saki? Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da zafinsa a matsayin wani haske da ido baya gani. Ƙasa da rufi da fatarka duk suna aika wannan hasken sama, can bayan iskar duniya kuma sarari ne mai sanyin kusan digiri 270 ƙasa da sifili. In akwai gajimare sai ya tare ya dawo da shi kamar bargo, shi ya sa daren da hadari ya haɗu bai zubar ba yake da cunkushewa har numfashi na wuya. In sama ta washe iska kuma a bushe, zafin wucewa yake kai tsaye. Mutanen Farisa na da sun san wannan, suna zuba ruwa a faffaɗan kwalbati mara zurfi a daren hunturu mai washewar sama, ya daskare ko da iskar ba ta kai sanyin daskarewa ba, su adana ƙanƙarar har lokacin zafi. Amsar tambayata ta farko kenan, ta biyun kuma ita ce wata ba ya sanyaya kowa, haskensa ba shi da wani sanyi ko zafi da fata za ta ji, amma washewar saman da ta bar ka ka gan shi fes ita ce dai ƙofar da zafin jikinka da na ƙasa ke fita ta cikinta. Wanda ya ce ya fi jin sanyi a farin wata bai yi ƙarya ba, abu biyu ne suke zuwa tare.

Shi kansa watan abin kallo ne, ba banza ake cewa farin wata sha kallo ba. Ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma kullum rabinsa a haske yake, mu ne kusurwar da muke kallonsa ke canzawa. In ya kai ɗan daren goma sha huɗu duniya ce a tsakiya, rana a bayanmu shi a gabanmu, shi ya sa cikakken wata ke fitowa ta gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa ta yamma, ya kwana a sama ya faɗi da asuba, shi ne kaɗai daren da yake raka mutum daga farko har ƙarshe. Daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi ne, kuma kowane dare fitowarsa na jinkiri da kusan minti 50, wanda ke son kallo da wuri kafin barci dararen da suka gabaci cikar sun fi masa, bayan cikar da kwana uku sai ka jira dare ya yi nisa. Wani zai ce in duniya na tsakiya me ya hana inuwarta rufe shi kowane wata? Hanyar da yake bi ta karkace da kusan digiri 5, yawanci sai ya wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar, ranar da suka daidaita ita ce husufi.

Abin mamaki wannan farin da muke gani ba fari bane. Ƙasar wata toka-toka ce mai duhu, kusan kalar tsohuwar kwalta, kashi 12 cikin 100 kawai na hasken da ya sauka mata take mayarwa, duhun da ke kewaye da shi ne ya sa yake ƙyalli. Rana ta fi cikakken wata haske kusan sau 400,000. Duk da haka cikakken wata ya fi rabin wata haske ba sau biyu ba, kusan sau goma, saboda a daren cika rana na dukansa a tsaye, duk inuwar duwatsu da ramukansa ta ɓuya. Nisansa kilomita 384,400 a matsakaici, hasken da ya shiga idonka ya baro shi daƙiƙa ɗaya da ɗan kai da ta wuce, kuma in cikar ta dace da lokacin da ya fi kusa yakan fi na lokacin nisa girma da kashi 14, haske da kashi 30. Baƙaƙen tabon da ke fuskarsa kuwa narkakken dutse ne da ya malala ya daskare tun biliyoyin shekaru, masanan da suka ɗauka tekuna ne suka sa musu sunan teku, a ɗaya daga ciki Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a Yulin 1969. Fuska ɗaya yake nuna mana kullum, bayansa ba wanda ya gani sai da kumbon Rasha ya ɗauko hoto a 1959. Kuma wannan wurin da kake kallo kana jin sanyi a ranka, a daidai lokacin tsakar rana ce a can, ƙasar tsakiyarsa ta haura digiri 100, ta fi tafasasshen ruwa, don ba shi da iskar da za ta tare masa rana ko ta riƙe masa ɗumi in dare ya yi.

Lokacin da ya fi kyau a wurina fitowarsa ne. Yana ɓullowa ta bayan gidaje da bishiyoyi ƙato jajur, ja ɗin daga doguwar iskar da hasken ya ratsa ne da ƙurar da ke cikinta, amma girman yaudarar ido ce, tun zamanin Ibn al-Haisam, wani masanin haske da gani na da, ake tattauna ta. Ka gwada da kanka, miƙe hannu ka rufe shi da farcen ƙaramin yatsa lokacin da yake ƙasa, ka sake gwadawa in ya hau tsakiya, farce ɗaya ne ke rufe shi duka biyun. A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya ma watan lokacin zafi ba ya hawa sama sosai, hanyar da ranar hunturu ke bi yake bi, sai ya kwana ƙasa-ƙasa yana ruwan zinare.

In za ka zauna, ajiye waya. Ba wa'azi nake ba, ido ne ke buƙata. Ƙwayoyin da ke gani a duhu suna ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin su buɗe sosai, kallon fuskar waya na ɗan lokaci kuma ya mayar da kai baya. Jiya da na haƙura na kife ta, a hankali abubuwa suka dinga fitowa, tsagar bango, jijiyar ganye, wata ƙyanwa da ke tafiya a kan katanga ita da inuwarta. Akwai jan mayafi da aka shanya a igiya, na san ja ne don da rana na gan shi, amma a hasken watan baƙi ya koma, ganyen da ke gefensa kuma ya yi haske kamar azurfa, saboda waɗannan ƙwayoyin na duhu ba sa rarrabe launi kuma ja ne suka fi kasa gani.

Akwai masu cewa wata na hana barci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani bincike a Basel ta Suwizalan a 2013 da mutum 33 ya samu cewa barcinsu ya ragu da kusan minti 20 a dararen cikar wata duk da ba sa ganinsa, wani kuma a 2021 da aka yi da al'ummar Toba a Ajantina da ɗalibai a birnin Siyatil na Amurka ya nuna mutane na jinkirin kwanciya a dararen da ke gaban cikar. Ni dai a ganina minti ashirin ba komai bane kusa da daren da mutum zai kwana yana juyi a ɗakin da ya riƙe zafi. Awa ɗaya a waje, ƙafa a ruwa mai ɗan sanyi, iska na taɓa jiƙaƙƙen wuya, ya isa ya sauke zafin ciki har barci ya samu hanya, kafin nan ɗakin da ka bar tagoginsa a buɗe shi ma ya huce. Sai dai a kula, inda akwai sauro a shiga gidan sauro ko a shafa magani, kar a kwanta a rufin da ba shi da katanga musamman da yara, a haska ƙasa kafin a shimfiɗa, kuma in akwai tsoho a gidan ko a maƙwabta a fito da shi shi ma ya zauna, shi ya fi kowa buƙatar wannan awar.

Ni ban koma ciki ba jiya. Na kwanta rigingine ina kallon watan na matsawa yamma kaɗan-kaɗan har ya laɓe a bayan reshe, ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Wajen ƙarfe biyar sanyi ne ya tashe ni, sanyi na gaske har na jawo mayafi na rufe ƙafa, watan ya yi ƙasa ya sake yin ja, gabas kuma ta fara haske. Na shiga ɗaki na sake ɗora hannu a bangon nan, ya huce, na rufe tagogin tun rana ba ta taɓa su ba.